Warin Da Ke Tsare Wake Da Warin Da Ke Kisa

 Tun da wake ya shigo gida, mun ga ya dace mu yi magana a kan abubuwa masu wari da muke sawa a rumbu.

Mun taso mun ga iyayenmu suna shimfiɗa busasshen ganyen dogon yaro ko bunsurun fadama a rumbu, wasu su haɗa da dakakken barkono da toka. Ƙwaron wake ba ya son wari mai ƙarfi, saboda haka dabarar tana taimakawa, kuma ba ta cin ko sisi. Sai dai ba ta kashe ƙwan da ƙwaro ya riga ya saka tun a gona.

Abin da ya fi damunmu shi ne ƙwayar nan mai ruwan toka da ake sayarwa a gwangwani, irin su Phostoxin. Da zarar ta haɗu da damshin iska, sai ta fara fitar da iska mai guba, mai wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Iskar da ke kashe ƙwaro ita ce ke kashe mutum, kuma babu makarinta. Mun san tsoron ɓarawo ne ke sa a kwana da buhu a ɗaki, ba mu ga laifin kowa ba. Amma buhun da aka sa wa ƙwayar nan kada ya kwana inda mutum ke kwana, ko a ɗakin da ke manne da shi. Kada mu dogara ga hanci, domin mai barci ba ya jin wari, yara kuma su ne suke fara jigata.

Akwai hanyar da ba ta bukatar magani. A 2007 Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗa buhun PICS, mai leda biyu a cikin buhu ɗaya. A shanya wake ya bushe sosai, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaro zai rasa iska ya mutu.

In an sa ƙwayar a gida, wani ya fara ciwon kai, jiri, amai ko ƙuncin ƙirji, a fitar da kowa waje nan take. Kada a tsaya ba shi manja ko nono. A garzaya asibiti, a tafi da gwangwanin a rufe domin likita ya gani.