Kiran Bayan Shan Ruwa



Ya ku ƴan'uwa masu saurare, yau za mu yi magana a kan wata ɓarna da take shigo wa iyayenmu ta cikin salula. Tsohuwa tana zaune bayan shan ruwa, sai a kira ta a ce: "Ɗanki da ke Libiya an kama shi, ki aiko da jikka 200 kafin asuba, kada ki faɗa wa kowa." Har a sa wani ya yi kuka ta ji. Gari na wayewa ta sayar da awakinta da hatsin rumbu. Bayan kwana biyu yaron ya kira lafiya lau, yana tambayar yaya azumi.

Mun sani ana kama ƴaƴanmu a can da gaske, shi ya sa ƙaryar take ci. Amma Allah ya umarce mu a cikin Suratul Hujurati da mu binciki labari kafin mu yi aiki da shi. Iyayenmu, duk wanda ya haɗa muku gaggawa da ɓoyewa, ku kashe wayar. Ku nemi yaron ta lambarsa, ko abokin tafiyarsa, ko ku zo wurin liman ko mai unguwa. Wannan ba rashin tawakkali ba ne.

Abin da ya fi mana ciwo, wani ɓarawon a cikin gida yake. Jika ne ke riƙe da wayar kaka, shi ya san lambar sirri, kuɗin da ake aiko mata daga Abijan rabi take gani. Ko a kawo wa tsoho takarda da Faransanci, a ce ya dangwala yatsa, ashe gonarsa ce ya sayar. Mu ma da muke wannan magana ba mu karanta boko ba, kuma ba ma jin kunyar kiran amintacce ya karanta mana a gaban shaidu biyu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Wanda aka riga aka cuta, kada ƴaƴansa su ce masa ya rikice. Tsoron wannan kalma ne yake sa tsofaffi yin shiru, macucin ya sake dawowa. Ku raka shi wurin jandarma da lambar da ta kira shi.

Gobe, in Allah ya kai mu, za mu shiga babin zakkar fidda kai.