Dokin Doguwar Tafiya: Da Takalmi Ko Babu?

Malam mai tambaya, ka ce ko dokin doguwar tafiya sai da takalmin ƙarfe? To, hanya ce ke yanke hukunci. Kofato kamar farce yake, yana tsiro yana cinyewa. A rairayi irin namu, doki na tafiya lafiya lau ba takalmi. Amma tseren Tevis na Amurka, wanda aka fara a 1955, mil 100 ne cikin awa 24 a kan duwatsu, shi ya sa galibi ake sa na ƙarfe ko na roba. In hanyar kasuwarka tsakuwa ce ko kwalta, riƙa duba kofaton kullum. Da ka ga ɗingishi, sauka ka nemi malamin dabbobi. In an buga takalmi kuwa, a gyara shi duk mako 6 zuwa 8. Allah ya kiyaye hanya.