Kuɗin likita: a rubuta, a liƙa, kowa ya karanta

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci



A kasuwar hatsi, tiya guda ake awo da ita. In kowane mai saidawa ya zo da tasa, mai saye ba ya gane inda hatsi ya fi araha. Haka zancen likita yake.

A shekarar 1987, ministocin kiwon lafiya na Afirka sun taru a Bamako. Sun yarda jama'a su riƙa biyan wani abu, don kada magani ya yanke. A Nijar, dokar wannan biya ta fito a 1995. A 2006, gwamnati ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta ne. A 2024 kuma, ta rage rabin kuɗin ganin likita, ta mai da haifuwa kyauta.

Amma wanda bai san doka ba, yana iya biyan abin da aka yafe mashi. Wata uwa ma tana zama gida da yaro mai zazzaɓi, don tsoron kuɗin da ba a ce ta biya ba.

Maganin wannan abu uku ne.

Na ɗaya: a rubuta kuɗin kowane aiki da manyan baƙaƙe, da Hausa, a liƙa bakin ƙofar likita.

Na biyu: duk wanda ya biya, a ba shi takardar shaida. Ya adana ta.

Na uku: a yi ƙidaya iri guda ko'ina. Kowane wata, majo yana aika lissafin aikinsa wajen shugabanninsa, har ya kai Yamai. Ya kamata mutanen gari su ma su ji shi: mata nawa suka haifu a likita, yara nawa suka samu rigakafi, kwana nawa magani ya yanke. In Tawa, Maraɗi da Damagaram suna ƙidaya iri guda, za a gane inda aiki ke tafiya, da inda ke bukatar taimako.

Wannan ba neman laifin majo ba ne. Sau da yawa magani yana yankewa don kuɗin da gwamnati za ta mayar sun makara. Lissafi ne ke nuna haka.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa. Ranar taron kwamitin likita kuma, ya je da alƙalaminsa.

Allah ya ba da lafiya.