Keken Motsa Jiki na Zaune: Amfaninsa da Iyakarsa a Gida da Wurin Aiki

Gabatarwa

Wannan lacca za ta yi bayani ne a kan wata ƙaramar na'urar motsa jiki da ta fara samun karɓuwa a gidaje da ofisoshi, wato keken zaune, wanda ba shi da taya ba shi da sirdi, feda biyu ne kawai a jikin gindin ƙarfe, ana ajiye shi a gaban kujera ko ƙarƙashin tebur, mutum ya riƙa tuƙawa yana zaune. Manufar laccar ita ce a nuna cewa na'urar tana da amfani na haƙiƙa wajen rage illar dogon zama, amma ba ta kai ta ɗauke wa lafiyayyen mutum nauyin cikakken motsa jiki ba.

Illar dogon zama

Tun a shekarar 1953 likitan Birtaniya Jeremy Morris da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar The Lancet sakamakon binciken da suka yi a kan ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan, inda suka gano cewa kwandastoci, waɗanda suke wuni suna hawa da sauka a matakala, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar yadda direbobi suke kamuwa, alhali mota ɗaya suke ciki. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, an buƙaci kowane baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai ƙarfi na minti 75 zuwa 150, ya ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, sannan ya rage zama gwargwadon hali. Alƙaluman da hukumar ta sanar a 2024 sun nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba su cika wannan mizani ba a shekarar 2022.

Yadda keken yake aiki a jiki

Masana suna auna nauyin aiki da wani ma'auni da ake kira MET, wanda ɗaya daga cikinsa yake daidai da ƙarfin da jiki yake ƙonawa idan mutum yana zaune shiru. Aikin da bai wuce 1.5 ba a zaune shi ake kira zaman rashin motsi, wanda ya haura haka amma bai kai 3 ba aiki ne mara nauyi, daga 3 zuwa ƙasa da 6 matsakaici ne, daga 6 zuwa sama kuwa mai ƙarfi. Tuƙa feda a hankali yayin karatu ko kallon talabijin galibi a rukunin mara nauyi yake faɗawa, kuma a nan ne darajarsa take, domin yana fitar da jiki daga zaman rashin motsi ba tare da ya raba mutum da aikinsa ba.

Jinin da ya sauka ƙafa yana bukatar taimako kafin ya koma zuciya, kuma tsokar sharaɓa ce take matse jijiyoyin da ke mayar da shi, yayin da wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyoyin suke hana shi komawa ƙasa. Idan aka daɗe a zaune wannan aikin tsoka mai kama da famfo yakan yi sanyi, shi ya sa ƙafa take kumbura ko ta yi nauyi da yamma. Bayan haka, tsokar da take aiki tana zuƙar sukari daga jini ko da sinadarin insulin bai ƙaru ba. Binciken da David Dunstan da abokansa suka wallafa a 2012 daga Ostareliya ya nuna cewa tafiyar minti biyu bayan kowane minti 20 na zama tana rage hauhawar sukari bayan cin abinci. Binciken a kan tafiya aka yi shi, amma darasinsa ya shafi keken, wato katse zama akai-akai, ko da motsi kaɗan ne, yana da tasiri.

Waɗanda suka fi amfana da yadda ake amfani da shi

Keken iri uku ne: mai maɓallin da ake murɗawa ya matse feda, wanda ya fi araha, mai maganaɗisu, wanda ya fi laushin tuƙi da ƙarancin ƙara, da mai lantarki, wanda yake juya ƙafar marar ƙarfi da kansa. Likitocin gashin ƙashi sun daɗe suna amfani da shi ga waɗanda aka yi wa aikin gwiwa da masu shanyewar ɓarin jiki, kuma akan ɗora shi a kan tebur a juya da hannu don motsa kafaɗa. Yana kuma dacewa da dattijon da tafiya ta yi wa wuya, da uwargidan da ba ta cika fita ba, da akawu ko mai kanti da yake wuni a kujera, musamman a zafin bazara.

Wanda ya taɓa lura da tela a kan keken ɗinki na ƙafa zai gane cewa ƙafa tana iya aiki hannu da ido suna kan wani abu daban. Sai dai ana bukatar kujera mai ƙarfi wadda ba ta da taya, don kada ta riƙa ja da baya, da tabarmar roba a ƙarƙashin keken don kada ya zame a kan tayil, da tebur mai tsayin da gwiwa ba za ta riƙa bugunsa ba. Ana ajiye keken nesa kaɗan, yadda gwiwa za ta ɗan tanƙware idan feda ta kai ƙarshe, a fara da minti biyar zuwa goma ba tare da matsewa ba, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Iyakarsa

Tun da kujera ce take ɗauke da nauyin jiki, keken ba ya ƙarfafa ƙashi kamar tafiya, ba ya koya wa dattijo daidaita tsayuwa don kauce wa faɗuwa, kuma ƙarfin da yake ƙonawa bai isa shi kaɗai ya rage ƙiba ba. Alamar aiki matsakaici ita ce numfashi ya ƙaru, mutum yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa, kuma wanda bai kai nan ba kada ya lissafa tuƙinsa cikin minti 150. Mai ciwon zuciya da wanda aka yi wa tiyata su nemi shawarar likita tukuna, mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina ji ya sa takalmi, duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya dakata nan take, wanda kuma ƙafarsa ɗaya ta kumbura tana ciwo ya garzaya asibiti, domin yana iya zama gudan jini ne.

Kammalawa

Ga marar lafiya da dattijo keken zaune yana iya zama matakin farko na komawa motsi, ga lafiyayye kuwa ƙari ne a kan tafiya da atisaye. Saboda haka wajibi ne shugabannin ma'aikatu da makarantu su ba ma'aikatansu damar katse zama a lokacin aiki, ko da keken ko babu shi, magidanta kuma su tanadar wa iyayensu da iyalansu hanyar motsa jiki a cikin gida, tun kafin hawan jini da ciwon sukari su tilasta musu.