Gicciye: Ina Kalmar Ta Fito?

 

Ran nan a kasuwar Arzeke wani dattijo mai sayar da goro ya nuna abin da ke wuyana, ya ce, "Malam, wannan ita ce layarku?" Na ce, "A'a, Baba, gicciye ne." Ya yi dariya, ya ce, "Gicciye? Ai ga gicciye nan a kan huhuna, ban kuwa taɓa rataya shi a wuya ba." Na duba, ashe da gaskiyarsa. Igiya ɗaya ta bi tsaye, ɗaya ta bi kwance, sun gamu a tsakiya. Masu saye suka taru masa, ban sami ba shi amsa ba. Yau na kawo ta.

Kalmar nan tamu ce, ba baƙuwa ba ce. Uwarta "gitta". Ka gitta sanda a ƙofa don kada akuya ta shiga. Maciji ya gitta hanya, mai tafiya ya ja da baya. Kada ku ce, to ina "ta" ta tafi har "ci" ta zo? Haka Hausa ta ke. Daga "sata" mu kan ce "sace", daga "fita" mu kan ce "fice". Haka daga "gitta" aka sami "gicciye". Magini ya san ta, gama ba ya yin rufi sai ya gitta azara. Ungozoma ta fi kowa saninta, gama idan aka ce ɗa ya kwanta a gicciye, ba mai barci a gidan.

Jugu kanta bisa gicciye ta ke zaune. Kakanninmu da su ke tasowa daga Kano da jakuna, za su Gwanja sayen goro, ta nan su ke ratsawa daga gabas zuwa yamma. Hanyar da ta fito daga kudu za ta Natitingu kuwa ta gitta tasu. Amma wurin da hanyoyi suka gamu, Bahaushe ya kan ce mararraba, daga "raba". Shi dai rabuwa ya gani a wurin, watakila don a nan a ke sallama da abokin tafiya.

To, yaya kalmar magina ta shiga ɗakin sujada? An rubuta Sabon Alkawari da Helenanci, kalmarsu kuwa "sitauros", asalinta gungumen da aka kafa a ƙasa. Romawa suna cewa "kurukus". Daga nan Ingilishi suka sami "kuros", Faransawa suka sami abin da kunnenmu ke ji kamar "kurwa". Ina ƙarami a makarantar mishan, na daɗe ina tsammani kurwar da maye ke kamawa a ke nufi, har ina jin tsoron shiga aji. Amma waɗanda suka juya Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka buga dukansa a 1932, suka ɗauki kalmar da ke bakin kowa.

Ku kasa kunne nan. A wurin Romawa gicciye ba ado ba ne. Hukunci ne na bayi da 'yan tawaye. A shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu, bayan tawayen bayi, sun gicciye mutum wajen 6,000 a bakin hanyar da ta tashi daga Kafuwa zuwa Roma. Wanda aka yanke wa hukunci shi ke ɗaukar itacen nan na kwance a kafaɗa, ya ratsa gari ana kallonsa. Sai a ƙarni na 4 Sarki Kustantin ya hana wannan kisa. A kan irin itacen nan Yesu ya mutu saboda zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Maƙwabtanmu Musulmi ba su yarda an gicciye shi ba. Mun san wannan, muna kuwa cin kasuwa ɗaya da su, muna gaisawa da mutunci.

Amma tambayar Baba mai goro ta taɓa ni, domin a cikinmu akwai masu mai da gicciye laya. Na ga wadda ta ɗaura shi a gindin tirenta don ciniki ya yi kyau, mudunta kuwa an bubbuge gindinsa ya shige ciki. 'Yar'uwa, ƙarfen nan ba ya jawo mai saye, ba ya korar ɓarawo. Tuni ne na wanda ya biya bashin da ba shi ya ci ba. Ki gyara mudun tukuna.

Markus ya ba da labari a sura 15. Wani Siman, mutumin Kurane, a ƙasar da a ke kira Libiya yanzu, yana shigowa daga ƙauye, hanyarsa ta gitta ta sojoji. Suka tilasta shi ya ɗauki gicciyen Yesu. Baƙo ne kamar yawancinmu a Zongo, ya fito sha'anin gabansa, aka ɗora masa kayan da bai yi ciniki ba. Markus har ya ambaci sunayen 'ya'yansa biyu, Iskandari da Rufus. A ganina, masu bi na farko sun san yaran nan, suna zama tare da su.

Baba mai goro, idan kana ji, gobe ina nan zuwa rumfarka. Ka ajiye mini fari guda biyu.