Ƙurar Da Ke Sauko Mana Daga Sama: Yaya Aka Auna Ta?



Jiya ina share saman mota sai tunani ya zo min: cikin wannan ƙurar, akwai wadda ba ta duniyarmu ba ce kuwa? To wallahi akwai. Kullum, dare da rana, ɓurɓushin duwatsu na sauko mana daga sararin samaniya, mafi yawansu ba su kai ƙwayar yashi ba. Tambayar ita ce, nawa ne? Kuma yaya za ka auna abin da ido ba ya gani?

Kun ga dai a nan wajenmu ba zai yiwu ba. In ka baza tire a Kano lokacin hunturu, ƙurar da iska ta kwaso daga Bodele ta ƙasar Chadi za ta binne komai. Shi ya sa masana daga Faransa suka nufi Antatika, tashar Concordia, kimanin kilomita 1,100 daga gaɓar teku. Can ƙurar ƙasa ba ta cika kaiwa ba, kuma an san yawan dusar ƙanƙarar da ke taruwa kowace shekara.

Ga dabarar. Sai su haƙa rami mai zurfin sama da mita biyu, su ɗebi tsohuwar dusar da ta zuba tun kafin mutane su fara aiki a wurin. Su narkar da ita, su tace, su ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Tunda sun san nauyin dusar, sun san faɗin fili da shekarun da ta wakilta. Daga nan sai lissafi ya kai su ga duniya baki ɗaya.

Tafiya shida suka yi cikin kimanin shekara 20, suka tara ƙwayoyi sama da 2,000. A 2021 suka fitar da sakamako: tan 5,200 a shekara ke isowa ƙasa. Wato kusan tan 14 a rana, kamar rabin tirelar siminti. In ka raba wa faɗin duniya kuwa, giram 10 ne kacal a kowace murabba'in kilomita a shekara. Manyan duwatsun da ke faɗowa, irin wanda ya faɗo Zagami ta Katsina a 1962, duk ba su kai tan 10 a shekara ba.

Me ya dame mu da wannan? Yawancin ƙurar daga taurari masu wutsiya take, kuma tana ɗauke da sinadarin kabon. Masana na son sanin rabonta cikin abin da ya taru a doron ƙasa tun farkonta. Ba za a sani ba sai an fara sanin nawa ke sauka yau.

Saboda haka gobe in kin ɗauki tsintsiya, ki tuna wataƙila akwai baƙuwa a cikin sharar.

Ku ajiye min tambayoyinku a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.