Jawabin Sallamar Baba Fada da Buɗe Rumbun Kirsimeti a Yelwan Yauri



Dokar Ikklisiyar Katolika ta tanadi cewa limamin da ke riƙe da majami'a, idan shekarunsa suka cika 75, sai ya miƙa wa Bishop takardar ajiye aiki. To, Baba Fada, wa'adin ya riske ka, kuma ko da yake limanci ba riga ba ce balle a tuɓe ta a rataye, nauyin da ka ɗauka tun ƙasar Yauri tana bin Sakkwato a tsarin Ikklisiya, tun kafin a yanke yankin Kwantagora a 1995 a damƙa shi ga Fada Timothy Carroll mai haƙa wa Kambari rijiyoyi, har ya zama cikakkiyar dayosis a 2020 a hannun Bishop Bulus Dauwa Yohanna, yau ya sauka daga kafaɗarka.

Jama'ar da ka yi wa hidima sun san rashi tun kafin ka zo. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta haɗiye tsibiran Gungawa da fadamunsu na albasa, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajen kakanninsu. Kuma a watan Mayu na 2021 ruwan nan ya ci jirgin 'yan kasuwar Warra, ya bar gwauraye da marayu a gaɓa biyu. Wanda zai zauna da irin waɗannan mutane dole ne ya iya bayarwa ba tare da ya tozarta mai karɓa ba.

A nan zan faɗi abin da na gani da idona. Shekarar da ambaliya ta kwashe shinkafar mahaifina, Kirsimeti ya zo ba mu da ko mudu guda, mahaifina kuwa mutum ne da ya gwammace yunwa da roƙo. Ran jajibere, da asuba, hazo ya rufe gari, na ji ƙarar babur ta mutu nesa da gidanmu. Na leƙa, sai ga Baba Fada yana turo babur ɗin da hannu don kada maƙwabta su farka. Ya sauke rabin buhun dawa a zaure, da kifi banda guda huɗu a ƙunshe cikin takardar siminti, ya juya. Har mahaifina ya koma ga Mahaliccinsa, maganar nan ba ta taɓa fita daga bakin Baba Fada ba. Ni ne na tona ta yau, ina neman gafara.

Wannan rufin asiri shi ne amanar da ake bar mana, kuma ina jin tsoron kada ta yi murabus tare da mai ita. Maƙwabtanmu Musulmi suna fitar da zakkar hatsi da kaka, suna ba da fidda-kai kafin a hau Idi domin miskini ya ci a ranar farin ciki, malamansu kuma kullum suna gargaɗi a kan riya, wadda ke cinye ladan sadaka. Mu ma hakkin fakiri a wuyanmu yake, ba alfarma muke yi masa ba.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata mu duba da idon basira. Kirsimeti yana zuwa ne da kaka, rumbuna cike, hatsi da araha, alhali yunwa ta gaskiya sai tsakiyar damina take bugun ƙofa, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, mudu kuma ya yi tsada. Saboda haka majalisar majami'a ta yanke shawarar raba abin da za a tara gida biyu: kashi ɗaya a kai wa marayu da gwauraye da marasa lafiya kafin daren Kirsimeti, ɗaya kuma a zuba a rumbu a liƙe sai Yuli. Iyayenmu mata na Zumunta ne za su tantance masu buƙata, domin su suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba. Ba za a tambayi kowa addininsa ba, ba za a kira suna a bagade ba, ba za a ɗauki hoto ba.

Baba Fada, Allah ya ba ka lafiya da hutu mai albarka, ya sāka maka da mafificin alheri. Muna roƙonka ka taso ka sa wa rumbun nan albarka, ka zuba mudun farko da hannunka. Nawa buhun dawa yana bakin ƙofa. Matasa, ku shigo da shi.